Kyandir ɗin da Mama Ta Kunna Tun Zuwan Farko

Masu karatu, ku yi min haƙuri da shirun da na yi muku. Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn nan da ta rubuto, "Herlinda, ko dai sojojin sun riga sun tafi da ke ne?" Ba su tafi da ni ba, 'yar'uwa. Hannuna ne ya ƙi rubutu, duk sanda na ɗauki waya sai hawaye ya rufe min ido. Yau dai na daure na zauna.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, ni ce autar Doña Epifania, mai tuya tortiya, wato wainar masara, a bakin kasuwar garinmu da ke cikin duwatsun Oaxaca. Tun ina 'yar mitsitsiya likita nake so na zama. Jami'ar birni ta ba ni gurbi, amma da me zan je? Kuɗin ɗaki da littattafai da abinci, duk daga kan kaskon Mama? Shi ya sa na lallaɓa a ɓoye na rubuta jarrabawar makarantar likitancin soja da ke babban birni, kuma na ci. Can komai kyauta ne, har takalmin da za ki sa. Sharaɗinsu biyu ne: in kin gama za ki yi musu aiki shekara da shekaru a duk inda suka jefa ki, sannan ba aure ba haihuwa sai kin kammala karatu. Mai aure ko bakin ƙofa ba ta ƙarasawa.

Mu kuwa gidanmu ba a ambaton soja. Yayana Rutilio da ƙafarsa ya tafi, yana dariya yana gwada mana yadda ake sara wa manya, aka dawo mana da shi cikin akwati an lulluɓe da tuta, aka ce kada a buɗe. Har yau in motar sojoji ta ratsa kasuwa, Mama baya take juya mata sai ta wuce.

Goggo Casilda ce ta tona ni, ƙanwar marigayi Babanmu, wadda na sauka gidanta lokacin jarrabawar. Ita dai bakinta ba ya riƙe magana. Na zaci Mama za ta yi ihu, ta jefe ni da ludayi, ta tara min dangi. Ko uffan ba ta ce ba. Niƙan masararta take, ta zuba min abinci, ta bi ni da ido in na wuce. Wallahi da dukana ta yi da ya fi min sauƙi.

Sai Fidencio, saurayina, masaƙin darduma, abokin Rutilio tun suna yawo da gajeren wando. Shi kaɗai na gaya wa komai tun farko. Ranar da sakamako ya fito ya riƙe hannuna ya ce, "Je ki, Linda. Ko gemuna zai yi fari zan jira ki." Ni kuma shashasha na tafi gida ina murmushi ni kaɗai a hanya.

Ranar Juma'a da rana, ina tsaye gaban kasko hannuna duk ƙullu, wayata ta yi ƙara cikin aljihun rigar aiki. Na goge yatsa ɗaya na duba.

"Linda, gobe mutanenmu za su zo gidanku da kyandir."

A garinmu da kyandir ake zuwa neman aure. Tortiya biyu suka ƙone a gabana ina kallo.

"Wane irin kyandir? Fide, ba mun gama magana ba?"

"Kwantar da hankalinki. Zuwan farko ne fa."

"To gaggawar me ake yi?"

"Don gari ya san ke tawa ce kafin ki tafi. Kada wani mai tauraro a kafaɗa ya gan ki ya ɗauka babu mai ke."

Ya haɗo da fuskar dariya da zuciya ja har uku. Na rubuta, "Rantse." Ya turo, "Haba likita, a ina kika taɓa ganin an kunna a zuwan farko?"

Kuma gaskiya ya faɗa, ban taɓa gani ba a gidan mutunci. Zuwan farko a ajiye kyandir a teburin waliyyai, inda ake addu'a a gida, a ce yarinya ce, ba ta isa ba. Bayan watanni a dawo, a ce ana shawara. Sai a zuwa na uku uwa take sa ashana, daga nan magana ta ƙare, sai coci cikin 'yan makonni. Gidan da ya kunna tun zuwan farko kuwa, ko yaro ya san dalili: akwai cikin da ake sauri a rufe. Na lissafa a raina, kafin zuwa na biyu ma ni ina makaranta. Har daɗi na ji, ina ganin mutumina kishi ne ya motsa masa.

Da safiyar Asabar ƙamshi ne ya tashe ni. Soyayyen barkono, riɗi, cakulan. Na leƙa madafa na ga babbar tukunyar ƙasar nan ta biki a kan wuta, Mama tana juya miyar mole da hannu biyu. Wa yake dafa mole don zuwan farko? Cakulan ne da burodi, a kurɓa a tashi. An share tsakar gida an yayyafa ruwa, an aro kujerun maƙwabta, an shimfiɗa farin ƙyallen da ba a fito da shi ba tun zaman makokin Rutilio. Ga Goggo Casilda kuma ta sauka daga motar safe, da jan baki raɗau da jakar hannu mai ƙyalli.

"Amarya ba kya laifi!" ta ce tana rungume ni.

"Goggo, wace amarya? Zuwan farko ne."

"To ni na sani? Cewa aka yi na zo da kayan fita, na zo." Ta shinshina iska. "Kai, Epifania, wannan mole haka? Ko shugaban ƙasa za mu sauka?"

Mama ba ta kula ta ba. Ta wanke hannu ta ce, "Auta, zo na yi miki kitso."

Tun da maganar makarantar ta fito ba ta kira ni auta ba sai ranar. Na bi ta ɗaki jikina a sanyaye. A kan gado ta shimfiɗa farar riga mai surfanin jan fure a wuya, wadda ta ɗinka da hannunta tun idonta yana gani sosai, da jan zanen ulu, da ɗamara, da 'yan kunnen Kakata masu lilo. Na zauna a ƙasa tsakanin ƙafafunta, ta warware min gashi ya zubo har ƙugu. Tana taje shi a hankali, tana saƙa jan ƙyalle a cikin kitson.

"Can aske shi za su yi," ta ce.

"Ba sa askewa, Mama. Ɗaurewa ake yi."

"Rutilio ma haka ya ce min, ba sa komai."

"Ni ba bindiga zan riƙe ba. Likita zan zama."

"Harsashi yana tambayar me mutum ya karanta?"

Ta ja kitson da ɗan ƙarfi.

"Ungozoma Petra ba ta je ko'ina ba, rabin garin nan a hannunta suka faɗo. Ki zauna ki koya a wurinta."

"Mama, matar Chucho maƙwabcinmu ma a hannun Petra ta mutu. Ina wurin, ni na riƙe fitila."

"Kwananta ne ya ƙare."

"Jini ne ya ƙare mata. Da akwai likita a garin nan—"

"Ɗago kanki, kina karkata min tsaga."

Shi ke nan, ta rufe maganar. Ta sa min 'yan kunnen, ta riƙe fuskata ta daɗe tana kallo, sannan ta fita duba tukunya.

Wajen tsakar rana muka ji tashin rokar wasan wuta, alamar mutanen Fide sun taso. Suka shigo a jere, maza da huluna a hannu, mata ɗauke da kwandunan burodi da abarba da cakulan, wani ƙanen baban Fide rungume da talotalo an ɗaura masa fure a wuya. Fide yana tsakiya da farar riga sabuwa, an yi aski, riƙe da kyandir ɗin. Tsayin kyandir ɗin ya kusa kai min kafaɗa, na kakin zuma, an kewaye shi da furannin kaki farare da ruwan hoda. Ba zan ɓoye muku ba, ya yi kyau, shi da mai riƙe da shi. Na nemi idonsa don na yi masa gwalo a ɓoye, ya ƙi kallona.

Aka shiga ɗakin waliyyai, kowa ya durƙusa ya gaida tebur, aka kafa kyandir a gaban Budurwa Maryamu. Tsohon da suka ɗauko ya yi musu baki ya gyara murya ya fara, wai ɗansu yana wucewa ya ga wata fure a lambun gidan nan, tun ranar ba ya cin abinci. Goggo Casilda ta raɗa min, "Ba ya cin abinci? Dubi wuyansa." Na danne dariya.

Kawu Melquiades, yayan Mama, shi ne mai ba da amsa tun da babu Baba. Ya san aikinsa, har da tsuke fuska.

"Mun ji, mun gode. Amma kun yi ɓatan kai. Yarinyar nan ko wake ba ta iya dafawa ba. Barci ne da ita, rana sai ta kai tsaka. Ku je ku duba wani gidan."

Aka yi 'yar dariya, kowa ya san wasan. Mamar Fide har ta fara gyara mayafi za ta miƙa kwandon burodi. Sai na ga Mama ta tashi. Na ɗauka madafa za ta. Ta nufi tebur, ta sa hannu cikin rigarta ta fito da ashana.

"Epifania," Kawu ya ce ƙasa ƙasa. "Epifania, zuwan farko ne."

"Na iya ƙirga, Yaya."

Ashanar farko ta karye. Ta biyu ta kama. Ta yi ɗage, ta kai ta kan lagwani, wuta ta tashi.

Ɗakin ya yi tsit, sai kukan talotalo daga tsakar gida. Tsohon ya buɗe baki ya rasa abin faɗa, don a duk maganganun da ya haddace babu na wannan wurin. Goggo ta dafe ƙirji ta ce, "Ikon Allah!" Mamar Fide kuwa ta juyo a hankali ta sauke ido a kan cikina. Matan da ke bayanta ma duk suka bi ta da nasu idon. Ni da ban taɓa kwana ko'ina ba sai gidanmu da gidan Goggo! Mama ta san abin da za a ce da ni a kasuwa, da abin da za a ce da ita, ta kuma zaɓi hakan da idonta biyu.

Na juya wajen Fide. Kowa a ɗakin nan mamaki ne a fuskarsa, ban da shi. Kansa a ƙasa, yana murza bakin hularsa.

Da aka fito cin abinci na wuce ta gabansa na ce, "Biyo ni." Muka tsaya bayan madafa, gefen tankin ruwa.

"Ka sani."

"Linda, saurare ni—"

"Kalle ni, Fidencio. Ka sani ko ba ka sani ba?"

Ya sosa ƙeya. "Ita ta zo ta same ni a wurin saƙa."

"Sai ka ce to."

"Durƙusa min ta yi! Doña Epifania, a ƙasa, cikin ƙurar ulu, ta riƙe min ƙafa. Me kike so na ce mata?"

"Ka ce mata ka yi min alkawari. Ina gemun da zai yi fari? Ko fitowa bai gama yi ba ka gaji?"

"Ba gajiya na yi ba."

"To mene ne? Jiya kana turo min zuciya har uku, ashe tarko kake ɗana min. Ka ga yadda mamarka ta kalli cikina?"

"Zan yi mata bayani. Surutun mutane kwana nawa ne? Fadan cocinmu ya ce zai ɗaura kafin ƙarshen wata."

"Au, har da Fada kuka gama? Kafin ranar shiga makaranta ke nan. Sannunku da ƙoƙari."

Sai ya ɗago, idonsa ya yi ja. Ban taɓa ganin Fide yana kuka ba sai ranar binne Rutilio.

"Ni na ɗauki gefen akwatin nan, Linda. Ke ba ki ɗauka ba. Rutilio ƙato ne, ya fi ni nauyi, sau nawa yana kayar da ni. Akwatin nan ba shi da nauyi. Ban taɓa gaya wa kowa ba. Har yau in na ɗaga dardumar da na gama sai na tuna." Ya share fuska da hula. "Na ce zan jira, kuma da gaske nake. Amma in na jira aka kawo min irin wancan fa? Gara ki tsane ni kina raye."

Masu karatu, ina son na ce muku na zage shi. Ban iya ba. Na jingina da tankin ina kuka kamar yarinyar goye. Ina son mutumin nan, ina son uwata, kuma su biyun saboda so suka haɗa kai suka yi min wannan abu. Da maƙiyi ne ya yi min, da na san yadda zan yi da shi.

"Da ka gaya min haka jiya," na ce.

"Da kin fasa?"

Na yi tunani, don ban so na yi masa ƙarya yadda ya yi min. Na tuna matar Chucho, yadda ta riƙe min hannu tana tambaya ko motar ta iso. Na tuna ni a bakin kasko shekara ashirin masu zuwa, ina juya baya in na ga wata da farar rigar likita.

"A'a."

"To kin gani."

Na wanke fuskata da ruwan tankin, na gyara ɗamara. Ya kama min hannun riga, na zare. A tsakar gida ana ta cin mole babu mai magana da ƙarfi, cokula kawai ake ji. Na ratsa su na shiga ɗakin waliyyai. Mama ce kaɗai a ciki, a durƙushe, carbi a hannunta. Kyandir ya fara zubar da hawaye a kan furanninsa.

"Mama, ki yafe min."

Ba ta juyo ba. "Kada ki taɓa shi. An kunna, an gama."

"Ke kika kunna. Ni ba a tambaye ni ba."

"Ni an tambaye ni ranar da suka kawo min ɗana a rufe?"

Na lashi yatsuna biyu, na yi ɗage kamar yadda ta yi, na matse lagwanin. Ya ƙone ni, ban ji ba sai daga baya. Hayaƙi ya miƙe siriri. A bayana na ji ƙarar kwano ya faɗi, ashe sun biyo ni sun cika bakin ƙofa. Mamar Fide ta ce, "Ku ɗauko kwandunanmu." Kawu yana ta "ku tsaya, ku tsaya a yi magana," babu mai jin sa. Fide ya shigo da kansa ya ɗauki kyandir ɗin ya rungume, bai kalle ni ba, ya fita.

Na jira mari. Na ma miƙa fuskata. Mama ta dafa tebur ta miƙe da ƙyar, ta wuce ni ta shiga ɗakin kwananmu. Na ji tana taɓa bango. Ta dawo riƙe da hotona na ranar gama sakandare, wanda nake dariya da baƙar hula a karkace. Ta goge gilashin da bakin mayafinta. A kan teburin, gefen hagu, akwai hoton Baba da na Rutilio, inda ake ajiye musu fure da kofin ruwa. Ta ɗan matsar da na Rutilio, ta jingina nawa a tsakaninsu.

"Epifania, cire!" Goggo ta yi ihu. "Ba a sa mai rai a nan! Cire, don girman Allah!"

Mama ta gyara hoton ya tsaya daidai. Sannan ta juyo ta kalle ni, babu hawaye ko ɗigo a idonta.

"Je ki, auta. Ni gara na fara sabawa da ganinki a nan tun yanzu."

Hoton yana can har yau, kullum da safe tana canza mana ruwa mu uku. Litinin motar babban birni take tashi. Jakata tana buɗe a kan gado, ban iya sa ko riga ɗaya a ciki ba.